Tabon da Bai Guji Yatsana Ba (Shafi na 12)

To, ku sassauta min haka. Masu cewa na yi jinkiri, ku sani ni ba rubutu nake yi ba, faɗa nake yi, maƙwabciyata tela tana danna wayar. Ita kuma sai keken ɗinkinta ya huta take waiwayata.

Waccan da ta rubuto wai in tsohuwar ta mutu a taimaka a gaya musu ƙarshen labarin, na gode da addu'a. In kuma ke kika riga ni, kin san hannun da za ki faɗo.

Sababbin zuwa, ku matso. Ni ce mai wankan gawar mata a ɗakin nan na bayan asibiti, wanda kowa ke ƙara sauri in ya zo wucewa. Auta 'yata ce, ita kaɗai ta rage min, sauran duk sun riga ni. A kanti take aiki, tsaye daga safe har yamma tana miƙa wa mutane kaya. A gidanta nake zaune, ita da mijinta mai walda.

Na tsaya muku a inda na ga doguwar safa a kan igiyar shanya, cikin zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Na kuma ga jarkar maganin da nake wanke ƙasan ɗakin aikina da shi, wadda na kawo gida saboda banɗaki, ta yi ƙasa sosai. Ni kuwa ban taɓa ta ba.

To, ranar na taso aiki da wuri.

Ina sa ƙafa a gidan, warin wurin aikina ya tare ni. Maganin nan mai ƙona hanci. Na ce ikon Allah, na baro shi can ya riga ni zuwa.

Na bi warin. Ya wuce banɗaki, ya wuce kicin, ya tsaya a ƙofar ɗakin Auta.

Na ƙwanƙwasa.

"Auta."

"Inna? Har kin dawo?"

"A'a, ina hanya. Buɗe."

"Kaya nake canzawa."

"Ni na fara ganinki ba kaya. Buɗe, na ce."

Na ji ana jan roba a ƙasa, na ji ana tura ta ƙarƙashin gado. Sannan ta buɗe, ta koma da sauri ta zauna a bakin gado, ta rufe gwiwoyinta da tawul har ƙasa.

Na tsaya ina kallonta. Idonta ya yi ja, hancinta na zuba.

"Me kike gogewa da maganin tayil?"

"Tayil."

"Tayil ɗin ne ya hau gado?"

Ta ƙara jan tawul ɗin ƙasa.

Bari in gaya muku wani abu game da ni da Auta, don kada ku yi mamakin yadda uwa ke tsayawa nesa da 'yarta kamar mai bin bashin gaisuwa. Tun tana firamare yara suka sa mata suna, 'yar mai wanke matattu. Daga ranar ta daina bari in yi mata kitso. Ta daina cin abu daga hannuna. Ta girma, ta yi hankali, ta ɗauko ni ta ajiye a gidanta, ba ta rage ni da komai ba. Amma kofina daban yake, tawul ɗina daban. In za ta ba ni abu sai ta ajiye a kan tebur in ɗauka. Ban taɓa yi mata ƙorafi ba. Aikin nan shi ya biya mata makarantar da aka koya mata ƙyamarsa.

Na jawo kujera na zauna.

"Ko ki ɗaga tawul ɗin nan, ko in jira mijinki ya dawo in tambaye shi dalilin da matarsa ke kwana da safa kamar ɗan ƙwallo."

"Inna, don Allah. Bai sani ba."

"Me kika ce masa?"

"Na ce sanyi nake ji."

"Ya kuma yarda? Wutar waldar nan ta gama da idonsa, ashe har da ƙwaƙwalwar."

Ba ta yi dariya ba. Nan na san abin ba na wasa ba ne, don Auta ko a gidan makoki aka taɓa mijinta sai ta murmusa.

"Ɗaga."

"Ki yi min alkawari ba za ki taɓa ni ba."

"Ɗaga tukuna."

Ta ɗaga.

Jama'a.

Na sauka daga kan kujera na durƙusa. Ku kuma san durƙuso ba ƙaramin aiki ba ne a wurina, bayana ya daɗe da ƙagewa, ko waiwaye sai in juya gaba ɗaya kamar motar kaya. Amma ranar ban ji ciwon komai ba.

Auta fara ce, ubanta ta ɗauko, Allah ya ji ƙansa. To daga idon sawu har kusa da gwiwa, ƙafa biyun duka, ƙwaurinta ya cika da ɗigo-ɗigo, kamar an barbaɗa garin barkono. A wasu wuraren ɗigon ya haɗu ya zama shimfiɗa. Ba ja ba, ba baƙi ba. Ruwan hanta ne da ya sha ruwan ƙasa, ga wani shuɗi-shuɗi a ƙarƙashi. A gefe-gefe kuma fatar ta yi jawur tana saɓulewa, wannan kam aikin maganin tayil ne.

Ba kumburi. Ba ƙurji. Lafiyayyar fata, sumul, sai dai launin.

Launin nan kuwa na san shi. Kullum da shi nake karyawa.

Matar da ta koya min aiki, ranar farko ta kama hannuna ta ce, "In aka kawo miki mace, kada ki tambayi dangi yaushe ta cika, ƙarya za su yi miki ko kuka. Jini za ki tambaya. In rai ya fita jini kwanciya yake yi, ya taru, ya yi wannan launin. Ki sa babban yatsa ki danna. In launin ya gudu ya dawo, ba ta daɗe ba. In ya tsaya yana kallonki, ta yi nisa."

Tun daga ranar ban taɓa ganin launin nan a jikin mai numfashi ba. Sai ga shi a ƙafar da na yi wa tatata.

"Yana miki ciwo?"

"A'a."

"Ƙaiƙayi?"

"Wani lokaci. Kaɗan."

"Kawo ƙafar."

Ta janye ta da sauri har ta bugi robar da ke ƙarƙashin gado.

"Inna, na ce kada ki taɓa ni!"

"Na wanke hannu. Sabulun da na kashe a hannun nan ya isa ya wanke kasuwa da mutanen cikinta. Kawo."

"Inna..."

"Ni na haifi ƙafar nan ko kantinku?"

Ta rufe ido, ta kawar da kai, ta miƙo kamar wadda za a yi wa allura.

Na ɗora babban yatsa a tsakiyar ƙwaurin. Da ɗumi. Na gode wa Allah da ɗumin nan a zuciyata. Na danna. Na riƙe. Na ɗaga.

Launin yana nan.

Na ce wataƙila ƙarfina ne ya ƙare. Na matsa sama, na danna har sai da ta ce wash. Na ɗaga.

Yana nan yana kallona.

Na koma ɗaya ƙafar. Haka.

Daga nan ban san abin da ya faru ba. Wallahi ban sani ba. Kaina ya tafi wani wuri, hannuna kuma ya ci gaba da aikin da ya saba. Ashe na kama ƙafafun na miƙar da su. Na haɗa idon sawu da idon sawu. Na daidaita manyan yatsun. Na jawo tawul ɗin na rufe har kan farce, na shafe shi sumul, na soke gefensa a ƙarƙashin diddige.

Ihun Auta ne ya dawo da ni.

"Inna! Gyara ni kike yi?"

Na kalli hannuna. Na kalli tawul ɗin.

"Gyara ni kike yi, Inna! Haka kike yi musu! Na sani, na gani!"

Ta fizge ƙafafunta, ta haye can ƙuryar gado, ta rungume gwiwa.

Tela ta ajiye wayar a nan ta ce sai ta sha ruwa. Sha ki dawo, 'yar nan, ni da abin ya faru a hannuna ban sha ba.

Na daɗe a durƙushe ban iya cewa komai ba. Ni da ake cewa bakina ya fi almakashi. Abu ɗaya nake roƙon Allah tun da na binne na ƙarshe kafin ita: kada ya sa in zuba wa Auta ruwa. Ita za ta tsaya a kaina, ko da safar hannu biyu ne, ko tana toshe hanci. Ba ni ba.

Sai wata kalma da ta faɗa ta dawo min.

"Tsaya. Kin ce kin gani. A ina kika gani?"

Ta cusa kai cikin gwiwa.

"Auta, ke da ko layin asibitin ba kya bi. A ina kika ga yadda nake yi musu?"

"Ranar da kika manta maganin hawan jininki."

Na tuna ranar. Mai gadi ne ya kawo min ƙwayoyin a leda, ya ce wata ta bayar a ba ni, ta juya da gudu ko sunanta ba ta faɗa ba. Na zaci 'yar aiken kantinsu ce.

"Ke ce?"

"Na ji tsoro kada ki faɗi. Na zo, mai gadi ba ya wurin. Ƙofar a buɗe take kaɗan. Na leƙa, na gan ki kina haɗa ƙafafun wata, kina rufewa. Sai kika fita ta ɗaya ƙofar."

"Likkafani na je karɓowa."

"Na ce bari in ajiye miki a kan tebur in gudu kafin ki dawo."

"Ba na hana ki shiga ɗakin nan ba tun kina goye?"

"Ƙasan da santsi, Inna. Na zame. Na kama bokiti, ya kife."

Ta nuna ƙwaurinta da yatsa, daidai inda launin ya tsaya a ƙasan gwiwa.

"Har nan ruwan ya watso min. Ruwan da kika wanke ta da shi. Har nan. Duba ki gani, ko ɗigo ɗaya bai wuce wurin ba."

Na tuna na dawo na tarar da bokiti a kife, har na zagi magen asibiti, baiwar Allah.

"Na fito da gudu, sai ga mai gadi ya dawo, na miƙa masa ledar. Na dawo gida na yi wanka har fatata ta yi zafi. Na ce shi ke nan. Da aka kwana biyu sai na ga ɗigo a idon sawu. Na ce sauro ne. Sai ya hau. Kullum in na cire safa sai in ga ya ƙara hawa. Inna, matar nan ta shafa min abinta. Mutuwa ce take hawowa daga ƙasa."

"Rufe min baki."

"Shi ya sa nake gogewa da maganinki. Na ce tunda shi ke wanke ɗakin, zai wanke ni."

"Ɗakin, fata gare shi? Kin ga tayil ya taɓa yin jini? Da wannan haukan ai gara ki je wurin likita."

"Na je."

Na zauna daɓas a ƙasa.

"Kin je? Wanne?"

"Likitan fata. Ba a asibitinku ba, kada a gaya miki."

"Ya ce me?"

Ta ja hanci.

"Ya ce wai jini ne ke tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyi, ya tsaya a ƙarƙashin fata ya bar tabo, kamar yadda ruwa ke barin tsatsa a kwano. Wai ba kasafai ake ganinsa ba. Wai yawan tsayuwa na iya ƙara shi. Ya ce yawanci ba ya kisa, ba a kuma ɗaukarsa a jikin wani. Amma in je a gwada jinina a tabbatar ba wani abu ne ya ɓuya a bayansa ba."

"To kin je gwajin?"

"A'a."

"Saboda me?"

"Inna, in ba abin tsoro ba ne, me ya sa ya fita ya kira 'yan'uwansa? Suka cika ɗakin, kowa na leƙen ƙafata, wani har da ɗaukar hoto. Ana kiran mutane su kalli ƙurajen zafi ne? Kuma shi ma ya danna. Da wani ɗan gilashi ya danna, ya leƙa ta ciki, ya ce wa na kusa da shi, ka gani, ba ya gushewa. Yadda kika yi yanzun nan. Shi da ke duk abu ɗaya kuka gani. Shi ya ɓoye min, ke hannunki ya faɗa."

Kun ji 'yar da na haifa. Ta ɗaure ni da igiyata.

Gaskiya ni ma a lokacin ban yarda da likitan ba. Yatsana bai taɓa yi min ƙarya ba. Amma na kalli yarinyar nan a ƙuryar gado, na ga in na bar ta da abin da ke cikin kanta, ko launin bai kashe ta ba jarkar nan za ta cinye mata ƙafa. Dole in samo abin da zan riƙe, ni da ita.

Na rufe ido na shiga ɗakin aikina a zuci. Na bi matan da na juya, na ɗaga, na kwantar. Ina launin yake zama?

Sai na ji numfashina ya dawo.

"Auta. Miƙo ƙafar. Ba zan taɓa ba, juya min ita kawai in ga bayan."

Ta yi jim, ta juya. Sha-raɓarta fes. Ɗigo kaɗan ne a gefe, sauran fara tas.

Na yi dariya. Ta ƙarfi ce, amma dariya ce.

"Tsufa ya ci ni. Ke, saurara. Na matattu a baya yake kwanciya. Mutum a rigingine ake kwantar da shi, jini kuma ƙasa yake bi kamar ruwa. Gadon baya, bayan cinya, sha-raɓa, nan yake taruwa. Ban taɓa ganinsa a gaban ƙwauri ba sai in a kife aka tsinci mutum. Ke a kife kike tafiya?"

Ta ɗago kai.

"Da gaske, Inna?"

"Na taɓa yi miki ƙarya a kan gawa? A kan ubanki dai na sha yi miki, na ce miki jarumi ne."

Bakinta ya ɗan motsa.

"Naki a gaba yake. Wannan na masu rai ne, na masu tsayuwa a kanti suna yi wa mai kanti arziki. Gobe za mu je a ɗebi jinin nan, ni zan raka ki, in kin ga dama ki ce musu ni mai aikinku ce."

"Ruwan fa?"

"Wane ruwa?"

"Na bokitin. Daidai inda ya taɓa..."

"Ruwan nan ni a cikinsa nake tun kafin a san za a haife ki. Dogon takalmin robar da suka ba ni ya huje tun zamanin wancan shugaban asibitin, kullum da ruwa a ciki nake tashi. In ruwan wanka na rina mutum, ai da tuni na zama tufar rini. Tsaya ki gani."

Na dafa gado na miƙe, ƙashina yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na tattare zanena har gwiwa.

"Kalli. Kalli da kyau."

Ta matso bakin gado ta leƙa. Ƙwaurin tsohuwa ne, ƙashi da fata da tamoji, ga tabon da murhu ya yi min ina yarinya. Amma ɗigo ko ɗaya babu.

"Kin ga wani abu?"

"A'a."

"Ba kyau dai, na sani. Ubanki ma bai aure ni don ƙafa ba."

Sai ta fashe. Dariya da kuka a haɗe, majina har baki. Ni ma na ji idona ya kawo ruwa, na ce warin maganin ne.

"To tashi ki ɗauraye ƙafar nan da ruwa mai kyau kafin mai walda ya dawo. Jarkar nan kuma yanzu zan fitar da ita daga gidan nan."

Na juya zan nufi ƙofa, zanen yana tattare a hannuna ban sake shi ba.

Dariyar ta tsaya.

Ba a hankali ta tsaya ba. Kamar an ɗauke wuta.

"Inna."

"Mene ne kuma?"

"Tsaya."

"Na tsaya."

"Kada ki juyo."

Na ji ta sauko daga kan gado. Na ji gwiwoyinta sun taɓa ƙasa a bayana. Na yi ƙoƙarin waiwayawa, bayan nan nawa ya ƙi. Rabona da ganin bayan ƙafata tun ina iya yanke farcena da kaina.

"Me kika gani? Kyankyaso ne?"



Sai na ji yatsa.

Babban yatsan Auta, a kan sha-raɓata. Yarinyar da ko kofina ba ta ɗauka. Ta danna da ƙarfi, ta riƙe, yadda ta ga na yi.

Ta ɗaga.

Ta matsa sama. Ta sake dannawa. Ta koma ɗaya ƙafar.



"Auta. Ya gudu?"

A waje na ji ƙarar babur ɗin mai walda yana shigowa layi.

"Tambayarki nake yi. Ya gudu?"

Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, irin ta lokacin da take ƙarama in ta farka ba ta gan ni ba.

"Inna... na su wa kika ce yake kwanciya a baya?"